Ciwon Baifola: Yadda Alamomin Hauhawa Suke Bambanta, da Abin da Ya Rataya a Wuyan Iyali

Tambaya

Shin tashin ciwon baifola kala ɗaya ne, ko yana da nau'o'i? Yaya za a gane kowanne, kuma yaya za a bambance shi da himmar ibada, ko shafar aljanu, ko mugun hali? Mene ne hukuncin saki, kyauta da azumin mai wannan larura?

Taƙaitacciyar amsa

Tashin wannan ciwo ba kala ɗaya ba ne. Akwai mai fara'a, akwai mai fushi, akwai ƙarami da ba a cika ganewa ba, akwai wanda ya gauraya da baƙin ciki, akwai mai gusar da hankali, akwai mai ruɗarwa. Abin da ya haɗa su shi ne mutum ya fita daga ɗabi'arsa da aka sani, ƙarfinsa ya ƙaru, barcinsa ya ragu. Sanin nau'in shi ne yake nuna gaggawar da ake bukata, kuma hukuncin shari'a yana bin gwargwadon hankalin da ya rage wa mutum a lokacin. Ciwo ne mai magani, kuma neman maganinsa ba ya cin karo da tawakkali.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Na farko: mene ne wannan ciwo?

Ka sani, Allah Ya ba mu lafiya da kai, baifola larura ce ta ƙwaƙwalwa da take juya yanayin mutum tsakanin ɓangarori biyu. Wani lokaci ya faɗa damuwa mai nauyi: ba kuzari, ba jin daɗin komai, ba sha'awar shiga mutane. Wani lokaci kuma ya hau sama: ƙarfi ya yi yawa, magana ta yi yawa, barci ya ƙaurace. Wannan hawan shi likitoci suke kira maniya, a nan za mu riƙa ce masa hauhawa. Tsakanin tashi da tashi, mutane da yawa suna komawa daidai, su yi noma, su yi kasuwa, su koyar, har watanni ko shekaru.

Ba sabon ciwo ba ne. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin maniya a littafinsa Al-Ƙanun. Likitan nan na Jamus, Emil Kraepelin, ya ware shi daga sauran cututtukan ƙwaƙwalwa a 1899. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 40 suna ɗauke da shi. Galibi yana fara bayyana a samartaka ko farkon girma, yana kama maza da mata, kuma gado yana da tasiri mai ƙarfi a cikinsa. Bai zaɓi mai raunin imani ya bar mai ƙarfin imani ba, kamar yadda ciwon suga bai zaɓa ba.

Na biyu: alamomin da duk nau'o'in suka yi tarayya a kai

Littafin da Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, wanda likitoci da yawa suke aiki da shi, ya sharɗanta sauyin yanayi a fili tare da ƙaruwar kuzari, sannan ya lissafa alamomi bakwai:

1. Jin girman kai ko iyawa fiye da ƙima.
2. Raguwar bukatar barci: ya kwanta awa biyu ko uku, ya tashi garau.
3. Yawan magana, da wuyar katse shi.
4. Tunani yana gudu, yana tsalle daga wannan zance zuwa wancan.
5. Hankali yana saurin rabuwa, ƙaramin motsi ya ɗauke shi.
6. Yawan ayyuka da tsare-tsare, ko kai-kawo ba hutu.
7. Kutsawa cikin abin da ƙarshensa nadama ce: ɓarnar dukiya, cin bashi, gudu da babur, sakin fuska ga wanda bai dace ba.

Ana bukatar uku daga ciki, ko huɗu idan yanayin fushi ne kawai. Ka riƙe ta biyu da kyau. Mai rashin barci na damuwa yana son barcin, bai samu ba, ya wayi gari a gajiye. Mai hauhawa bai ma ji yana bukatarsa ba. Wannan alama sau da yawa ita ce take fara zuwa, kwanaki kafin sauran.

Ma'aunin kuwa shi ne mutumin da kansa. Ba a auna shi da maƙwabcinsa. Wanda asali mai surutu ne, surutunsa ba ciwo ba ne. Amma mutum mai kunya da kawaici da ya wayi gari yana tare mutane a ƙofar masallaci da jawabin da ba ya ƙarewa, wannan abin dubawa ne.

Na uku: nau'o'in hauhawa da abin da ya bambanta su

*1. Cikakkiyar hauhawa mai fara'a.* Tana kai mako guda ko fiye, ko ta yi tsananin da sai an kwantar da mutum a asibiti ko da ba ta kai mako ba. Za ka gan shi cikin nishaɗi, yana dariya, yana waƙa, yana raba abin hannunsa. Manomi zai iya buɗe rumbu ya sayar da hatsin shekara tun kaka, ko ya kai shanun huɗa kasuwa, saboda wata sana'a da ya tsara cikin dare ɗaya. Alamarta ita ce tana rushe aiki da zaman gida, kuma mai ita ba ya yarda yana da ciwo. Wanda ya taɓa yin irin wannan ko sau ɗaya, likitoci suna cewa yana da baifola nau'i na ɗaya.

*2. Hauhawa mai fushi.* Ƙarfin nan ɗaya ne, rashin barcin ɗaya ne, amma maimakon fara'a sai zafin rai. Ba ya jure jira, ba ya jure musu, yana ganin kowa yana yi masa nawa. Yakan zagi wanda bai taɓa ɗaga wa murya ba, har iyayensa. Wannan nau'i shi aka fi ɗauka rashin tarbiyya ko shaye-shaye, kuma a cikinsa ake yawan furta saki. Sau da yawa mai fara'a yana rikiɗewa zuwa mai fushi da zarar an hana shi abin da ya nufa. Abin da zai nuna maka ciwo ne: fushin ya zo tare da ƙarancin barci, gudun magana da yawan kai-kawo, ya kuma saɓa wa halinsa na shekaru.

*3. Ƙaramar hauhawa.* Likitoci suna ce mata haifomaniya. Alamomin su ne dai, amma da sauƙi, kuma aƙalla kwana huɗu a jere. Mutum yana zuwa aikinsa, yana sallarsa, hankalinsa bai gushe ba. Wani ma ya fi ƙwazo a kwanakin, har a yaba masa. Na kusa da shi ne kawai suke lura ya canza. Haɗarinta yana ɓoye: wanda yake yin ƙaramar hauhawa da damuwa mai nauyi, wato nau'i na biyu, ba ya zuwa asibiti sai lokacin damuwa. Idan bai faɗa wa likita kwanakin da ya yi yana tashe ba, za a iya ba shi maganin damuwa shi kaɗai, wanda zai iya tunzura ciwon ya hau. Saboda haka idan ka raka ɗan'uwanka wurin likita, ka ba da labarin kwanakin ƙwazon kamar yadda kake ba da na baƙin cikin.

*4. Hauhawa gauraye.* A nan jiki yana gudu, zuciya kuma tana cikin duhu a lokaci guda. Yana kai-kawo, bai yi barci ba, tunani yana tafasa, amma abin da yake faɗa shi ne ya halaka, shi mai zunubi ne, rayuwa ba ta da amfani. Yakan yi dariya da kuka a zama ɗaya. Wannan yana cikin mafi haɗari wajen yunƙurin kashe kai, domin yanke ƙauna ya haɗu da ƙarfin aikatawa. Kada ka bar shi shi kaɗai. Ka kawar da maganin feshin gona, fiya-fiya, wuƙa, igiya da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai. Ka tambaye shi kai tsaye, cikin tausasawa, ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta dasa masa tunanin, sai dai ta buɗe ƙofar taimako. Sannan a kai shi asibiti a ranar.

*5. Hauhawa mai gusar da hankali.* Mutum ya ƙudurce abin da babu shi, kuma hujja ba ta girgiza shi, ko ya ji muryoyin da babu mai jin su sai shi. Abin da yake ƙudurcewa yakan ɗauki launin al'ummarsa. A wurinmu yakan ce shi ne Mahadi, ko waliyyi ne da aka yi wa izini, ko an aiko shi ya gyara duniya, ko sarauta tana jiransa, ko maƙiya sun yi masa asiri suna bin sa. Duk hauhawar da wannan ya shiga cikinta cikakkiya ce, ba a kiranta ƙarama. Akwai ƙarin haɗari a nan: wanda yake furta irin waɗannan kalamai a kasuwa ko a masallaci, jama'a za su iya far masa. Wajibin dangi ne su janye shi daga taro, su sanar da liman da mai unguwa cewa mara lafiya ne.

*6. Hauhawa mai ruɗarwa.* Ba ta da yawa, amma ita ce mafi gaggawa. Likitan Amurka Luther Bell ya siffanta ta a 1849. Tana zuwa cikin awoyi ko 'yan kwanaki: mutum bai san inda yake ba, bai san rana ba, bai gane mutane ba, ya ƙi ci ya ƙi sha, wani lokaci da zafin jiki. Tana iya kisa ta hanyar ƙarewar ruwan jiki da galabaita. Kuma sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa suna iya zuwa da kama irin wannan. Duk wanda ya ruɗe tare da zazzaɓi, sanƙarewar wuya ko jijjiga, asibiti mafi kusa za a nufa da shi nan take.

*7. Hauhawar mai jego.* 'Yar'uwa, ki kula da wannan. Cikin kowace haihuwa 1,000, ana samun ɗaya zuwa biyu da mai jego take shiga taɓuwar hankali, galibi a mako biyun farko, wato daf da suna ko jim kaɗan bayansa. Ta kasa barci ko da jariri yana barci, ta yi ta magana, ta ruɗe, ta tsorata, ko ta ce jaririn ba nata ba ne. Mace mai baifola, ko wadda hakan ta taɓa samunta a wata haihuwa, haɗarinta ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Wannan ba kukan 'yan kwanakin da masu jego da yawa suke yi ya wuce ba ne. Kada a bar ta da jariri su kaɗai, kada a ce sai an yi arba'in. Da magani, mafi yawansu suna warwarewa.

*8. Hauhawar da wani abu ya jawo.* Wasu magunguna suna tayar da ita, irin su firednisolon da deksametazon, waɗanda wasu suke saye a kemis don ƙiba ko ciwon gaɓɓai. Haka wiwi, tramol da sauran ƙwayoyi, da yawan aikin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod, da rauni a ka. Idan hauhawa ta fara bayyana ga wanda ya manyanta, likita zai fara neman irin waɗannan dalilai. Ka tafi da duk abin da mara lafiya yake sha, na asibiti da na gargajiya, kada kunya ta sa ka ɓoye.

Ban da nau'i, akwai salon maimaituwa. Wanda ciwon ya tasar masa sau huɗu ko fiye cikin wata 12, ana ce masa mai saurin juyawa. Akwai kuma waɗanda hauhawa kaɗai take dawo musu, ba a ga damuwa a fili ba. Farfesa Roger Makanjuola na jami'ar Ile-Ife ya wallafa bincike a 1985 da ya nuna wannan salo yana da yawa a cikin marasa lafiyar da ya duba a ƙasar Yarabawa. Don haka kada ka ce ai bai taɓa yin baƙin ciki ba, saboda haka ba wannan ciwon ba ne.

Na huɗu: bambance shi da himmar ibada da shafar aljanu

Mai hauhawa yakan raya dare gaba ɗaya, ya yi ta karatu da ƙarfi, ya rabar da dukiyarsa da sunan sadaka. Iyali sukan yi murna da farko, su ce Allah Ya shirye shi. Ga abin lura: ibada ta gaskiya tana zuwa da natsuwa, ƙanƙan da kai da dawwama, kuma mai ita yana karɓar nasiha. Ta ciwo tana zuwa kwatsam, da hayaniya, da ganin fifiko a kan malamai, da tauye haƙƙin iyali, sannan ta yanke kwatsam. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi yin azumi kullum da tsayuwar dukan dare, ya tunatar da shi haƙƙin jikinsa da idonsa da iyalinsa. To idan an hana lafiyayye, ina ga wanda rashin barci yake tayar masa da ciwo?

Game da aljanu da sihiri, Musulmi bai musanta samuwarsu ba. Amma danganta kowace taɓuwar hankali gare su ba tare da hujja ba magana ce ba da ilimi ba, kuma takan jawo zargin kishiya ko maƙwabci da abin da ba su aikata ba. Ruƙiyya ta shari'a da addu'a alheri ne ga kowane mara lafiya, a yi su tare da magani, ba a madadinsa ba. Ka sani kuma hauhawa takan lafa da kanta bayan makonni ko watanni, sai a ɗauka an rabu da ita, sannan ta dawo. Duka, ɗauri da mari, hayaƙi mai shaƙewa da horon yunwa zalunci ne, ba magani ba. Mutanen jihar Katsina ba su manta da Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Daura da Katsina aka fito da mutane cikin sarƙa. A watan Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin masu wannan larura.

Na biyar: hukunce-hukuncen da suka shafe shi

Asali shi ne hankali sharaɗin taklifi ne. Malamai sun kafa hujja da hadisin da Abu Dawud da wasunsa suka ruwaito game da ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. A nan sanin nau'in yake da amfani, domin sunan ciwon kaɗai ba ya sauke taklifi.

*Saki.* Malamai sun haɗu a kan cewa sakin wanda hankalinsa ya gushe saboda ciwo ba ya aukuwa. Mai ƙaramar hauhawa kuwa, wanda ya san abin da yake faɗa kuma ya nufe shi, asali maganarsa tana nan. Tsakanin waɗannan biyu akwai hali mai shubuha. Kada miji ko waliyyin mace su yanke hukunci da kansu. A kai maganar ga alƙali ko malami masani, tare da bayanin likita da shaidar waɗanda suka ga halinsa a ranar.

*Dukiya.* Ciniki da kyautar wanda ba ya cikin hayyacinsa ba sa zartuwa. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i asali ce wajen tsare dukiya daga hannun wanda ba zai iya tattalinta ba. Abin da ya fi shi ne a yi yarjejeniya da shi lokacin da yake lafiya: wa zai riƙe katin banki, takardun gona da mabuɗin rumbu idan alamomi suka fara.

*Salla da azumi.* A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar nan, ba ya rama sallar da lokacinta ya fita hankalinsa yana gushe, amma yana rama azumin Ramadan. Shafi'iyya da Hanabila ba su wajabta masa ramuwar azumin ba. Wanda yake cikin hayyacinsa yana shan magani, ya ga likita kafin watan ya kama. Maganin litiyam yana taruwa a jini idan ruwan jiki ya yi ƙaranci, musamman a bazara, kuma shan ibufurofen ko diklofenak tare da shi yana ƙara haɗarin. Alamomin taruwarsa su ne karkarwa mai ƙarfi, amai, gudawa da tangaɗi. Raba barci tsakanin tahajjudi da sahur kuma yana iya tayar da ciwon ga wasu. Idan amintaccen likita ya ce azumi zai cutar, rangwamen mara lafiya da ke ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara ya shafe shi. Kada ya bar magani da kansa don ya yi azumi.

Na shida: magani da inda za a nufa

Hadisin Usama ɗan Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya yi umarni da neman magani. Litiyam, wanda likitan Ostireliya John Cade ya nuna amfaninsa a 1949, har yau yana sahun gaba. Akwai balfurowet, olanzafin, risferidon, halofaridol da wasunsu, likita ne yake zaɓa gwargwadon nau'in. Balfurowet yana cutar da ɗan tayi, don haka mace mai shekarun haihuwa ta tattauna da likita kafin ta fara shi da kuma kafin ta ɗauki ciki. Babban abin da yake dawo da ciwon shi ne daina magani da zarar an ji sauƙi.

Idan kana Rimaye ko wani gari a ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, Babban Asibitin Kankiya wuri ne na farko da za a duba zazzaɓi da sauran cututtukan jiki, a kuma rubuta takardar turawa gaba. Daga nan akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ta ɓangaren Kano akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Dawanau, a kan hanyar da ta fito daga Katsina, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato.

Kafin ku tafi, ka tanadi amsar waɗannan: yaushe ya fara, awa nawa yake barci, ya taɓa yin haka, ya taɓa shiga damuwa mai tsawo, me yake sha, akwai mai irinsa a dangi? A hanya kada ka yi musu da shi a kan abin da ya ƙudurce, kada kuma ka gaskata masa shi. Ka rage masa taro da hayaniya, ka ba shi ruwa da abinci, ka sa wanda yake jin nauyinsa ya yi masa magana.

Idan ya dawo hayyacinsa, zai tuna da yawa daga abin da ya faɗa da abin da ya ɓarnatar, kunya za ta rufe shi, kuma a wannan lokaci damuwa takan biyo baya. Kada ka goranta masa, kada ka bari yara su laƙaba masa suna. Ka taya shi biyan abin da ya hau kansa, ka raka shi ganin likita a ranakun da aka sa masa, ku rubuta alamomin farko na tashin ciwonsa domin ku riga shi a karo na gaba.

Muna roƙon Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya abin da ya same su kankarar zunubi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.

Allah ne Mafi sani.